Abin da Ya Kashe Rakiya

Damanar bara ta yi gardama, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Da rani kuma soja suka sake karɓe mulki a Yamai, babban birnin Nijar. Kafin bazara ta kankama, rumbuna sun zama fanko tun daga Hawandawaki har Attantane. Maza sun watse biɗa, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya, an bar mata da tsofaffi suna jiƙa anza, ƴaƴan itacen nan na daji da ake ci lokacin yunwa, suna canja mata ruwa don ɗacinta ya fita.

A cikin wannan hali aka ɗauko Lailatu daga ɗakin haihuwa aka ba ta aikin ƙirga matattu.

Lailatu sajfam ce, wato ungozomar gwamnati, haifaffiyar Tasawa, ta doshi shekara arba'in. Ta daɗe tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin gidan likita da ke kudu da gari. Mace ce mai saurin hannu da saurin baki. Hannun ya ceci mata da yawa, bakin kuwa shi ya hana a ƙara mata girma.

Wanda ya ɗauko ta wani likita ne daga Yamai, Dokta Na Allah, dogo mai furfura, mai magana a hankali kamar wanda ya gaji da maimaita abu ɗaya. Yana jagorantar wani bincike ne kan matan da ke mutuwa sanadin zubar da ciki a yankunan Tasawa da Mayahi.

“Madam Lailatu,” in ji shi, “ke kin san suna mutuwa, ni ma na sani. Amma in na shiga biro, ofishin manya, na ce a ba mu kayan wankin ciki da jini da magani, sai a ce, su nawa ne? In na ce da yawa, sai a ce da yawa ba lissafi ba ne. Ƙyanda tana da adadi. Tamowa tana da adadi. Shi ya sa ake sauraronsu. Ki samo mini adadi.”

Ta ce, “Dokta, a ɗakina ma ban taɓa jin mace ta faɗa da bakinta ba. Kowacce ɓari ta yi.”

“Shi ya sa ba su za ki tambaya ba. Ƴan'uwansu za ki tambaya. Kowace mace ki ce da ita, ku nawa ne mata a ɗakinku? Nawa suka rasu? Wadda ta rasu, tana da ciki ne, ko wajen haihuwa, ko kafin arba'in? Daga nan sai ki bi a hankali. Ba suna, ba sunan gida. Kuma abin da aka faɗa miki kawai za ki rubuta, ban da abin da kika hango.”

Aka haɗa ta da direba, Mutari, da wata tsohuwar katkat, motar shiga yashi, mai shan man gazuwal kamar raƙumi ya samu rijiya. Suka nausa cikin rairayi.

Ƙauyen farko da suka shiga, tun kafin mota ta tsaya mata sun kewaye ta, kowacce da ƙwarya ko tsohon buhu a hannu. A shekarar nan duk wanda ya zo da mota da takarda, sunayen masu karɓar hatsi yake rubutawa. Lailatu ta zauna a kan tabarma gindin gawo ta fara da wata dattijuwa mai goye da jariri.

“Inna, a gidanku akwai macen da ta rasu bana ko bara?”

“Babu, ɗiyata. Dukanmu muna nan. Mu goma sha biyu ne, rubuta.”

“Wannan na bayanki ɗan wa ne?”

“Jikana ne.”

“Ina uwarsa?”

Tsohuwar ta dubi gefe. “Ta tahi itace.”

Wata daga baya ta yi tari, wata ta sunkuyar da kai. Lailatu ta gane uwar yaron tana ƙarƙashin ƙasa, amma ba wanda zai rage baki ɗaya daga gidansa a gaban mai takarda. Sai ta miƙe ta yi musu bayani dalla-dalla cewa ita ba ta zo da hatsi ba, ba kuma za a aiko da shi saboda ita ba. Kafin ta rufe baki rabin matan sun juya. Tsohuwar ta gyara goyonta ta ce, “Masu rai ba su ci ba, ke kina biɗar matattu? Allah shi ba ki sa'a.”

Haka aka yi ta yi, gari bayan gari. In ta ɓoye cewa babu hatsi, a yi mata ƙarya. In ta faɗa, a watse a bar ta da Mutari. Waɗanda suka daure suka zauna kuwa, amsarsu ta fi shirun ciwo.

“Me ya kashe ƙanwarki?”

“Kwananta ne ya ƙare.”

“Na sani, baiwar Allah, amma wane ciwo ta yi?”

“Ciwon ajali.”

Wata ta ce iska ce ta gamu da yayarta a bakin rijiya da tsakar rana. Wata ta ce ciwon ciki. Wata a yankin Mayahi ta ba ta labari tiryan-tiryan, yadda jinin ƴar'uwarta ya kwanta wata biyu, ta sha magani don ya tashi, ya tashi ya ƙi tsayawa. Lailatu ta matso ta ce, “Ke nan tana da ciki?”

Matar ta zaro ido. “Ciki? Wa ya ce ciki? Jini ne ya kwanta. Kada ki ɗora ma mamaciya abin da ba ta yi ba.”

A wata ruga kusa da Attantane ta samu wata Bafulatana mai suna Adama zaune kusa da fatun shanun da fari ya kashe. Ta amsa gaisuwa da fara'a, ta ba su wuri, ta ba da haƙurin rashin nono. Da aka zo kan ƴan'uwanta mata sai ta kafa ido a ƙasa tana zane da tsinke. Can ta ce, “In shanu kike tambaya, zan faɗa miki su ɗaya bayan ɗaya, da kamanninsu da inda kowacce ta faɗi. Wancan kuwa ba a faɗinsa.”

Da yamma Lailatu ta hau wani tudu inda salula ke kamawa ta kira Dokta Na Allah. Zafin rana bai sauka ba, yashi na ƙona mata ƙafa ta cikin takalmi.

“Dokta, na ji aƙalla huɗu da na tabbata a raina su ne. Jini, zazzaɓi, wari, ɓoyo. Na san abin nan kamar yunwar cikina.”

“Sun faɗa?”

“Ba su faɗa ba.”

“To ki rubuta abin da suka faɗa.”

“In rubuta iska? In rubuta ajali? Wannan shi ne adadin da za ka kai Yamai?”

Ya ce, “In na kai musu abin da ke ranki, za su ce ra'ayin sajfam ɗaya ne. Kuma suna da gaskiya. Ki yi haƙuri ki ci gaba.”

Ta kashe wayar ba sallama. Mutari da ke jiranta a gindin tudu ya dubi fuskarta ya tada mota.

A Kalgon Amani, wani ɗan ƙauye da bai fi gida arba'in ba a yankin Hawandawaki, ta gamu da Jummai. Lailatu ta riga ta gaji a ranar, ta ma ajiye takardunta a mota ta zo shan ruwa ne kawai. Sai ta ga wata mace siririya zaune bakin danga tana shayar da yara biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na daman namiji ne mai ɗan ƙwari. Ta hagun kuwa mace ce, gashinta ya yi ja ya kwanta, ƙafafunta sun kumbura.

Lailatu ta durƙusa ta danna ƙafar yarinyar da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

“Tagwaye ne?”

“A'a. Wanga nawa ne. Wagga Talatu ce, ɗiyar ƙanwata Rakiya. Ta rasu da rani.”

“Tashi ki ɗauko zanenki. Yarinyar nan ba ta kwana a garin nan.”

Suka ɗauki hanyar inda ake ba yara masu tamowa abinci. A tsakiyar daji taya ta fashe. Mutari ya shiga ƙarƙashin mota yana tsaki, matan biyu suka koma inuwar wata aduwa. Lailatu ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Ta karɓi Talatu ta kwantar a cinyarta tana ɗiga mata ruwan sukari da cokali. Jummai ta daɗe tana kallon hannun nata.

“An ce ke ce mai tambayar matan da sunka mutu.”

“Ni ce. Amma yau na huta.”

“Rakiya ba zazzaɓi ya kashe ta ba.”

Lailatu ba ta ɗago ba, don kada ta tsorata maganar ta koma.

Jummai ta ce mijin Rakiya, Abdussalamu, yana biɗa a Libiya. Ya zo Babbar Salla ya yi ƴan kwanaki ya koma. A lokacin Talatu ko zama ba ta fara ba. Bayan tafiyarsa Rakiya ta ga wata ya wuce, wani ya bi shi. Rurrutsa ke nan, ciki a kan goyo, abin da ake yi wa mace dariya da shi a bakin rijiya, abin da tsofaffi ke cewa yana ɓata nono ya kashe na baya. Ga rumbu ba ko zangarniya.

“Ta zo ɗakina ta ce, Yaya, in na riƙe wanga ciki, waccan za ta tahi. Ita kuwa na riga na ga idonta, ta san ni. Na ce ta bari, ta ce in ban taimake ta ba za ta yi da kanta. Ni na tahi kasuwa. Ni na amso mata magani wurin mai tebur. Da hannuna na ba ta.”

Jini ya zo, ya ƙi tsayawa. Zazzaɓi ya biyo baya. Suka ɓoye, don sun ji an ce in aka je gidan likita da irin wannan, jandarma ake kira. Sai da Rakiya ta daina gane mutane sannan aka ɗora ta a amalanke.

“Bijimin da ke jan mu bai ci ba shi ma. Munka yi nisa kaɗan sai ya durƙusa. An buge shi, an ja shi, ya ƙi tashi. Nan ta cika, kanta bisa ƙafata, muna hangen ƙarfen salula na bakin hanya.”

Ta faɗi wannan duka ba hawaye, kamar mai ba da labarin wata. Lailatu ce ta share ido da gefen kallabi.

“Jummai, kin yarda in rubuta?”

“In kin rubuta mi za ya faru?”

“Wataƙila a kawo kayan da za a ceci wata. Wataƙila.”

“Rubuta. Ban da sunana, ban da nata, ban da garinmu. Mijinta bai sani ba. Innarmu ma ba ta sani ba.”

“Na ɗaukar miki alkawari.”

Aka karɓi Talatu a wurin masu tamowa. Lailatu ta koma da mace ɗaya tak a cikin takardunta wadda aka faɗa mata da baki, bayan duk rairayin da ta sha.

Da aikin ya yi rabi, Dokta Na Allah ya kira taro a Tasawa don a yi wa masu gari da limamai bayani, ko za su sa baki mata su saki jiki. Aka cika wani zaure da manyan riguna. A kujerar gaba akwai wani mai kaki, don a lokacin ba a taro sai da kaki. Dokta ya yi bayani a tsanake, ya kauce wa duk kalmar da za ta sosa wa wani rai. Lailatu na zaune a gefe, ita kaɗai ce mace ban da mai raba ruwa.

Sai Mai Nasara, maigarin Kalgon Amani, ya miƙe. Dattijo ne mai faɗa a ji, ya iya magana.

“Likita, mun ji. Amma ka yi ɓatan kai. Abin ga da kake biɗa, ka tahi birni, can inda ƴan mata ke yawo da wando. Matanmu matan aure ne, ɗiyan Musulmi. Tun kakana ba a taɓa jin wannan ƙazanta a ƙasarmu ba. Kuna ƙona gazuwal kuna tozarta mu, da hatsi kunka ɗauko a motar da kun samu lada.”

Zauren ya ɗauka da “Gaskiya ne!” Wani ya ce ai aikin Turawa ne, so suke a daina haihuwa. Wani ya yi dariya ya ce a tambayi Madam ko ta samu ko ɗaya.

Lailatu ta tuna bijimin nan da ya durƙusa. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

“Ranka ya daɗe, Baba maigari, ba a birni ba ne. A garinka ne. Bana. Matar aure, mai salla, mai goyo. Yunwa ce ta sa ta, tsoron bakinku ya hana a kawo ta da wuri, ta mutu a kan amalanke. Ku ci gaba da cewa babu!”

Dokta Na Allah ya rufe ido. Tun kafin ta koma kan kujera ta gane abin da ta yi. Ba ta ambaci suna ba, amma a garin da bai fi gida arba'in ba, mai goyo nawa ce ta mutu a kan amalanke bana?

Mai Nasara ya koma gida da kunyar da aka ba shi a gaban tsaransa. Ya tara tsofaffin mata ya yi ta tonawa har aka kai ga wadda ta je kasuwa. Wan mijin Rakiya ya ce an kashe musu jini, ya kai ƙara. Mai tebur ya ji ƙishin-ƙishin ya tsallaka iyaka. Jummai jandarma suka ɗauka, da yaronta a baya.

Mutari ne ya kawo wa Lailatu labari da safe tana shirin fita. Ta zauna a bakin gado takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Sannan ta ce, “Kai ni.”

Barikin jandarman ɗan ƙarami ne, a wani gari na kan hanya. A ƙofa ta tarar da wani saurayin magidanci tsugune, fuskarsa ta ƙone da ranar hamada. Ya miƙe da ya gan ta.

“Ke ce Madam ɗin?”

“Ni ce.”

“Ni ne Abdussalamu. Na dawo shuka ne.” Ya murza hularsa. “An ce mini zazzaɓi ne, na yi haƙuri, na yi mata addu'a. Yanzu a bakin masu shayi nake jin yadda matata ta mutu. Ni ban kai ƙarar kowa ba, Madam. Jummai ce ke shayar mini da ɗiya. Amma kin ba ni kayan da ban san inda zan sauke su ba.”

Ta wuce ciki.

Ajidan ɗin, wato hafsan da ke riƙe da wurin, mutum ne mai ƙiba, gumi ya jiƙa masa kaki. Bai yi mata tsawa ba. Ya nuna mata benci.

“Madam, ni ma ban so wannan magana ba. Amma doka ce, ba ni na rubuta ta ba, kuma an faɗe ta a gaban manya. Matar nan tun da aka kawo ta ba ta ce komai ba. Ba ni da gawa, ba ni da mai tebur. Abin da nake da shi bakinki ne. Ke ce ma'aikaciyar lafiya. Me ya kashe Rakiya?”

Ta tagar bayansa Lailatu na hango Jummai zaune a ƙasa a tsakar gida, ta jingina da bango, yaron na tsotson nonon da ba kome a ciki. Ba ta dubi wajen tagar ba.

“Ajidan, ɓari ta yi, daga Allah. Yunwa ta sa cikin ya faɗi, zazzaɓi ya shige ta.”

“A taro ba haka kika ce ba.”

“A taro raina ne ya ɓaci. Na haɗa labarin wata da na wata. Ba wanda ya ba ta kome.”

“Za ki sa hannu a kan haka?”

“Zan sa.”

Ya dube ta, ta dube shi. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani. Ya juya ya ce da na ƙofa a fito da matar.

A mota Jummai ta zauna a baya, Abdussalamu a can ƙurya. Lailatu ta juyo sau ɗaya ta ce, “Jummai, ki yafe mini.” Jummai ta ci gaba da kallon gonakin da aka share ana jiran ruwa. Tun kafin a kai gari ta bubbuga ƙofa ta ce a sauke ta nan, ba ta so a gan ta a cikin wannan mota. Ta sauka ta bi ta bayan gari.

Labari ya riga motar isa ko'ina. Da suka koma yankin Mayahi don ƙarasa aikin, ƙauyen da suka shiga sai su tarar mata sun shige ɗaka, tsoho ɗaya ya fito ya ce duk sun tafi itace. A wani wuri yara suka bi motar suna kiran “Ga mai kai mutane bariki!” Matar nan da ta ba da labarin jinin da ya kwanta ta aiko a ce wa Madam ita ba ta taɓa yin ƴar'uwa ba ma.

Dokta Na Allah ya dakatar da aikin. Bai yi mata faɗa ba, wanda hakan ya fi faɗan zafi. Suka zauna a barandar masaukinsa, ya ce dole a cire Kalgon Amani gaba ɗaya daga binciken, tunda asiri ya tonu, kuma ita da kanta ta sa hannu cewa ɓari ne.

“Ke nan ba mu samu ko ɗaya ba,” in ji ta.

“Ba mu samu ba.”

“To me za ka rubuta?”

“Zan ɗauki yawan matan da suka mutu da ciki, in duba abin da aka samu a wasu ƙasashe masu kama da tamu, in ce wataƙila kaza daga ciki wannan ne ya kashe su. Zan sa ƙarami in sa babba, in ce gaskiya tana tsakani.”

“Ƙasashen da ba su san Rakiya ba.”

“Su ma haka suka yi, Madam. Kowa na aron na maƙwabcinsa.” Ya cire tabarau ya murza ido. “Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Duk abin da kika faɗa a zauren nan gaskiya ne. Na yi shekaru ina so wani ya faɗe shi. Da kika faɗa kuma, ga inda ya kai mu.”

Ya koma Yamai. Ita ta koma ɗakin haihuwarta.

Ruwa ya sauka a makare, amma ya sauka. Wata ranar kasuwa, hatsi ya fara rufe ƙasa, Lailatu ta fito daga ɗaki tana goge hannu sai ta ga Jummai tsaye a bakin baranda. Yaronta na baya, Talatu na kafaɗa. Kumburin ya saɓe, gashin ya fara baƙi, har tana miƙa hannu tana son kama ɗan kunnen Lailatu.

Jummai ba ta amsa doguwar gaisuwa ba. Ta rage murya ta ce, “Ba don na huce na zo ba. Maigidana ya dawo. An ce akwai allurar da ake yi ma mace ta huta. Ita nake so, kuma ba ni so kowa shi ji.”

Lailatu ta shiga ta buɗe kabad, ko da yake ta san abin da za ta gani. Allurar ta ƙare tun kafin bazara. An rubuta an sake rubutawa, ba a aiko ba, motocin duk suna jigilar abincin tamowa.

“Zauna nan,” ta ce. “Kada ki tafi. Yanzu zan dawo.”

Ta bar wa wata abokiyar aikinta ɗakin, ta tare ɗan kabu-kabu ta hau, suka kama hanyar Tasawa. Ruwan jiya ya cika kwari, suka yi ta zagaye, babur ya mutu a cikin laka sai da suka tura. A Tasawa ta bi wata tsohuwar ƙawarta ta lakwal, wato makaranta, har gida, ta roƙe ta, ta samo kwalba ɗaya. Ta ƙulle ta a bakin zane suka juyo.

Da ta iso la'asar ta yi sanyi, kasuwa ta fara watsewa. Barandar ba kowa sai mai shara.

“Ina matar nan mai yara biyu?”

“Ta jira ki, Madam, har ta yi salla nan. Amalanken garinsu ne ya tashi, ta ce in ta bari ya tahi za a tambaye ta inda ta tsaya.”

Lailatu ta tsaya da laka har gwiwa tana duban hanyar gabas. Ta kwance kwalbar ta sa a can bayan kabad inda ba mai gani, ta ce kasuwa mai zuwa. Kasuwa ta zo Jummai ba ta zo ba, ta bayanta ma haka. Aika mata kuwa ba hali, don duk wanda aka gani ya fito daga wurin Madam ya nufi gidan, an san abin da gari zai ce. Bayan girbi ta ji daga bakin wata mai awon ciki cewa mijin Jummai ya kwashe su sun koma wajen Jibiya, har da Talatu, wadda aka ce ta fara tafiya.